Iskar da Ta Kayar da Ceɗiyar Baba

Da muka dawo daga kai Baba makwancinsa, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar kwanon da ke ƙuryar gidanmu na Gyadi-Gyadi, wadda ƙofarta ke kallon lungu. Rana ta take, kwano ya ɗauki zafi, kowa sai fifita yake yi da hularsa. Ni ne babban ɗa, don haka ni aka zaunar a tsakiya, kusa da Baffa, ƙanin Baba, muna karɓar gaisuwa.

Limamin layinmu ya ce sahun farko ya yi giɓi. Tsofaffin abokan aikin Baba na ma'aikatar gona suka ce tunda suke da shi ba su taɓa riga shi isa ofis ba. Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Tarauni, wanda ban ma san shi ba, ya durƙusa gabana yana share ido da bakin riga.

"Shi kaɗai ke sayen tsakin gero a wurina," in ji shi. "Na ce Alhaji, kaji gare ka? Ya ce a'a, baƙi gare ni, kuma ba sa sallama."

Mutane suka ɗan yi dariya, irin wadda ake yi a gidan makoki a haɗiye rabinta. Sai ga wani dattijo daga Unguwar Gano, abokin Baba tun na ƙuruciya, wanda ciwon ƙafa ya daɗe da hana shi fita. Aka riƙo shi aka zaunar. Ya yi addu'a, ya shafa, ya ɗaga kai sama. Ya duba nan, ya duba can.

"Ikon Allah! To ina ceɗiya?"

Baffa ya zuba wa carbinsa ido, ya ce, "Iska ce ta kayar da ita, shekara biyu ke nan."

"Allah sarki. Ai kuwa gara da babban ɗa ya yi wannan rumfa. Allah ya yi maka albarka, yaro."

Na ce amin. Wallahi da bakina na ce amin. Alhali ni na sa aka sare ceɗiyar nan, ni na ƙirƙiro ƙaryar iska, kuma Baba ya koma ga Allah ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe min ba. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ina so a san irin mutumin da aka yi wa haka.

Wurin da rumfar take, da can lambu muke ce masa. Ba wani lambun kirki ba ne, ɗan fili ne a ƙarshen gida, ceɗiya a tsakiya, gefe guda ga wani tsohon kasko da Baba ya ɗora kan duwatsu uku. Kullum in ya dawo daga sallar asuba zai wanke kaskon nan da hannunsa, ya cika shi da ruwa, ya watsa tsakin gero, ya koma kan kujerarsa ta katako da rediyo a cinya. Kurciyoyi ne ke fara sauka. Sai baiwar Allah, 'yan mitsi-mitsin nan jajaye, su zo a gungu kamar 'yan biki. Marai kuwa suna sama suna ta saƙar sheƙa da surutunsu wanda ba ya ƙarewa.

Baba mayen labarai ne. Babu shirin siyasar da ke wuce shi. Ya san sojojin baka ɗaya bayan ɗaya da muryarsu, ya san wanda ya sauya sheƙa jiya da wanda zai sauya gobe. Yana ji yana ba su amsa kamar suna gabansa.

"Ƙarya kake! Bara ba haka ka ce ba."

Amma da zarar tsuntsaye sun sauka kan kasko, sai ya murɗa rediyon ƙasa-ƙasa, ya ce, "To, ku dakata, masu gida sun zo." Ko gwamna ne ke jawabi sai ya jira kurciya ta gama shan ruwa.

Inna ta sha faɗa da shi a kan gero. Idan tsakinsa ya ƙare, lallaɓawa yake yi ya ɗebi na kunu a buhunta. Ta kama shi ya fi a ƙirga, hannu cikin buhu, dattijo da furfurarsa.

"Alhaji, wai ni da su wa aka auro?"

"Ke aka auro, Hajiya. Su ai baƙi ne, kuma ke kika koya min karrama baƙo."

Ta yi tsaki ta wuce, gobe kuma ka ga ta ajiye masa dusa a ƙwarya a bakin ƙofar lambu.

Babbar baƙuwarsa ita ce shamuwa. Duk shekara in damina ta kusa, wasu biyu sukan sauka a ƙololuwar ceɗiyar su gyara tsohuwar sheƙarsu. A duk yankinmu itacen Baba kaɗai ya rage musu, sauran an sare an yi shaguna. Ranar da suka iso Baba ba ya zaune ba ya tsaye. Akwai shekarar da shi da Baffa suka yi mummunan saɓani a kan zaɓe, kowa da jam'iyyarsa, har Baffa ya ce ba zai ƙara taka gidan ba. Wata biyu ba sa ga maciji. 'Yan'uwa suka yi sulhu har suka gaji. Ranar da shamuwa ta sauka, Baba ya ɗauki waya ya kira shi, kalma biyu ya faɗa: "Ta iso." Kafin azahar sai ga Baffa a kan babur. Suka zauna a gindin ceɗiya suna kallon sama, ba wanda ya ta da tsohuwar magana, har Inna ta kawo musu fura.

Haka yake, ba ya son doguwar magana a kan abin da ya dame shi. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga 'yar kudu ce, Kirista, tsohuwar nas, duk layin Mama muke ce mata. Wata shekara gari ya ɗan rikice bayan zaɓe, mijinta kuma bai daɗe da rasuwa ba. Baba bai je ya yi mata wa'azin kwantar da hankali ba. Tabarmarsa ya ɗauka da buta da rediyo, ya shimfiɗa a ƙofar gidanta, ya wuni a nan kwana uku a jere. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce inuwar nan ta fi sanyi. Ƙofar Mama kuwa ko ganye ɗaya babu.

Tsakanina da shi akwai kunyar ɗan fari. 'Yan zamani ba za su gane ba. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ko na Inna ba. "Yayansu" suke ce min, har na yi furfura a gemu. Baba ba ya kallona ido cikin ido, ba ya yi min faɗa kai tsaye. In na yi laifi, ƙannena zai tara ya yi musu nasiha a kan laifin da ba su yi ba, ina gefe ina ji. Su yana wasa da su, ya tsokane su, ni kuwa gaisuwa ce da "Allah ya yi albarka." Ina yaro na ɗauka ba ya sona. Da na girma na gane akasin haka ne. Da na ƙara girma kuma, Allah ya yafe min, sai na gane abu ne da zan iya amfani da shi.

Siyasa ce ta shige ni. Na nemi takarar kansila, na fara sa babbar riga har ranar Talata, ba Juma'a kaɗai ba. Ni a Daurawa nake zaune da iyalina a gidan haya, amma mazaɓata nan ce inda aka haife ni. Ubangidana a siyasa ya zo gaida Baba wata rana, da muka fito ya ja ni gefe.

"Kai, a ina za ka riƙa tara jama'a? A soro? Ɗan takara ba shi da wurin zama? Ga fili can a ƙurya kuna kiwon tsuntsaye. Fasa ƙofa ta lungu, ka zuba siminti, ka kafa rumfa."

Na san in na tambayi Baba ba zai yarda ba. Don haka ban tambaya ba.

A lokacin yanar ido ta rufe masa gani sosai. Ya daɗe yana ƙin aiki, sai da ya wayi gari ba ya bambance macen baiwar Allah da namijin, sannan ya ce a kai shi. Ba don karatu ba, ba don hanya ba, don wannan. Aka yi aikin lafiya. Likita ya ce ya guji rana da hayaƙi na mako biyu, sai ƙanwata ta ɗauke su shi da Inna zuwa gidanta a Hotoro. Da zai tafi, ido ɗaure da bandeji, ya tsaya a soro ya ce wa iska, don ni ba zai ce min ba, "A riƙa zuba wa kasko ruwa. Shamuwa na kan ƙwai."

A kwana na huɗu aka yi ruwan farko da iska mai ƙarfi, ta yaye kwanukan mutane, ta karya rassa a titi. Ceɗiyar Baba ko gezau. Na tsaya ina kallonta da safe, sai shaiɗan ya raɗa min cewa ga dama ta samu. Kafin hantsi na kawo masu injin yanka itace.

Babbansu ya ɗaga kai ya ce, "Yallaɓai, akwai shamuwa a sama fa. Mu dai ba ma son taɓa itacen da take kai."

Na daka masa tsawa. Na ce aiki na kira shi ko fatawa? Ya ta da inji.

Ba zan manta ƙarar faɗuwarta ba. Sheƙunan marai suka watsu a ƙasa kamar an zubar da kwando. Ƙwan shamuwa uku ne, na gan su a fashe. Iyayen suka yi ta kewaya sararin da itacen yake, su yi kamar za su sauka, su ga babu, su sake tashi. Kwana biyu suna haka. Na sa aka tuge kututturen, aka tara rassan a bayan madafa don Inna ta samu itacen girki, wai ni mai dabara. Cikin mako guda an zuba siminti, an kafa rumfa, an manna fastocina a bango. Kaskon ma na sa aka jefa shi wani lungu.

Wautar da na yi, wai ina zaton an ɓoye. Injin nan tun daga bakin titi ake jin kukansa. Duk layin sun ji. Mama ta leƙo ta tagarta, muka haɗa ido, ta saki labulenta. Amma na san mutanenmu. Na san ba mai zuwa ya ce wa dattijo ɗanka ya yi maka ƙarya. Na kuma san shi kansa ba zai taɓa tsayar da ni ya tambaye ni ba. A kan kunyarsu na gina rumfata.

Ranar da ya dawo ni na ɗauko shi a mota. Yana ta murna a hanya kamar yaro, yana karanta allunan shaguna da ƙarfi, yana ce wa Inna ashe duniya haka take da haske. Muna shiga gida bai ko zauna ba, ya nufi lambu. Na bi shi a baya.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Sabon idon da aka gyara masa, abin da ya fara gani da shi ke nan: siminti, kwano, da fuskata a jikin bango guda goma sha.

"Baba, iskar nan ce ta ranar Laraba," na ce. "Ta kayar da ita. Da na ga filin ya zauna haka, sai na ce bari a amfana da shi."

Bai juyo ba. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Allah mai iko. Ba ta faɗa kan kowa ba?"

"Ba ta faɗa ba."

"To alhamdu lillahi."

Shi ke nan abin da ya ce, har ya bar duniya. Da yamma na hango shi a bayan madafa yana jujjuya rassan da aka tara, yana shafa bakinsu da yatsa. Yankan inji sumul yake, ko makaho ya shafa ya san ba karayar iska ba ce. Na yi sauri na fice.

Takarar fa? Ko zaɓen fid da gwani ba a yi ba. Manya suka shiga ɗaki suka fito suka ce an yi maslaha, aka ba wani. Ubangidan nawa ya daina ɗaukar wayata. Jama'ar da na yi wa rumfa suka ɗauke ƙafa cikin mako ɗaya, suka bar min kujerun roba biyu karyayyu. A rediyon Baba aka karanta labarin, ina soro ina ji. Ina jira ya ce wani abu, ko da habaici ne, in samu hanyar da zan shiga in faɗi gaskiya. Sai kawai ya murɗa zuwa wata tasha.

Ya nemo kaskonsa ya mayar gefen rumfa, kan siminti. Ya ci gaba da wanke shi kullum, yana watsa tsaki. Kurciya ɗaya ko biyu kan zo, su sha a tsorace su tashi, don babu reshen da za su sauka su duba gari tukuna. Marai ba su ƙara dawowa ba. Damina biyu Baba na fitowa yana duban sama, Baffa kuma bai ƙara samun kiran nan na kalma biyu ba. Rediyon ma ya daina murɗa shi ƙasa. Sojojin baka su yi ta zuba, shi kuma ya daina ba su amsa.

Ni kuwa sai na rage zuwa. In na zo, a soro nake gaida shi a tsaitsaye, in ce ana jirana. Sau nawa na shirya maganar a mota, tun daga Daurawa nake bitarta, in iso ƙofar gida ta narke. Kullum sai in ce sai Juma'a. Akwai wani tsohon bokitin fenti a bayan madafa da na kan ga Baba na zuba wa ruwa, da wani ɗan tsiro a ciki. Ban taɓa tsayawa na duba ba. Na ɗauka cikin shuke-shuken Inna ne.

Ciwon ajalinsa bai kai mako ba. Ranar ƙarshe ina bakin gadon, ɗaki cike da 'yan'uwa, kowa na cewa Baba ka yafe mana, yana ɗaga hannu. Na matsa, na buɗe baki, na ga Baffa, na ga surukai, na ga ƙannena. Sai na ce, "Baba, Allah ya ba ka lafiya." Ya dube ni. Karo na farko a rayuwata da ya dube ni ido cikin ido, ya daɗe bai kawar ba. Na sunkuyar da kai. Ni ne na kawar.

Washegarin sadakar uku, da hantsi, na shiga wurin Inna. Tana takaba, zaune kan darduma, fuskarta na kallon bango. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Mu biyu ba mu saba hira ba, ita ma kunyar nan ce tsakaninmu. Na ce mata ba iska ba ce. Na faɗa mata komai, har ƙwan da suka fashe. Ina magana ina kuka, ƙato da ni, uban 'ya'ya biyar.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "An sani."

"Tun yaushe?"

"Tun a Hotoro. Ranar da aka yi, ya ce a kira masa Mama ya ji ko ana zuba wa kasko ruwa. Ba ta faɗa masa komai ba, baiwar Allah. Ƙarar inji ya ji ta cikin wayar."

Na tuna murnarsa a mota, yana karanta allunan shaguna. Ashe ya sani. Ashe hanya yake share min don in samu saukin faɗa.

"Inna, ya yafe min?"

Ta gyara zama a kan darduma.

"Ni ina zan sani? Ba a tambaye shi ba."

Wallahi da mari ta yi min da ya fi sauƙi. Na yunƙura zan tashi, sai ta ce, har yanzu tana kallon bango, "A duba bayan madafa. Cikin itacen girkin da aka tara min ya zaro reshe ɗaya ɗanye ya kafa a bokiti. Na ce Alhaji, a samo masu fasa dutse su huda simintin nan a dasa mana. Ya ce a'a. Ya ce wanda ya zuba shi zai fasa, in ya shirya. Kullum in ya ji tsayuwar mota a ƙofar gida sai ya ce, ƙila yau ne."

Na je. Tsiron ya kai ƙirjina, ganyensa shar, na ceɗiya sak, wanda na girma a ƙarƙashinsa amma na kasa ganewa. Saiwoyin sun cika bokitin sun tsaga shi ta gindi, suna neman ƙasa a kan siminti. Shekara biyu yana jira a nan.

Ban kira leburori ba. Na aro diga a wurin masu gini, na tuɓe riga, na shiga tsakiyar rumfar, daidai inda kututturen yake. 'Yan gaisuwa na zuwa suna tarar da babban ɗan mamaci yana dukan ƙasa, gumi na zuba, hannu ya yi bororo ya fashe. Wasu suka ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa min kai. Dattijon nan na Unguwar Gano ya sake zuwa, ya ce, "Subhanallahi, yaro, me ya yi zafi?"

Na ajiye diga na ce masa, "Baba, ba iska ba ce ta kayar da ceɗiya. Ni na sare ta."

Ba wanda ya yi mamaki sai shi kaɗai. Baffa ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya fara kwashe ɓaraguzan da hannunsa. Kafin la'asar mun cire kwanon sama, mun dasa 'yar ceɗiyar.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, mutumin da bai taɓa barin kasko ya kwana a bushe ba. Ka shayar da shi, ka sanya shi a inuwar da ba a sarewa, ka haskaka kabarinsa kamar yadda ya yi murna da hasken idonsa. Wanda duk ya karanta wannan, in iyayensa na raye kuma akwai maganar da yake ɗagawa zuwa Juma'a, don Allah ya je yau.

Masana itace sun ce sai ta shekara ashirin kafin ta iya ɗaukar sheƙar shamuwa. Ban sani ba ko zan kai. Yanzu dai kullum bayan asuba ina tahowa daga Daurawa in wanke kasko, in watsa tsaki, in zauna a kujerarsa da rediyonsa. Jiya kurciya ɗaya ta sauka a kan ɗan reshen, ya lanƙwasa da nauyinta. Na murɗa rediyon ƙasa. Na ce, "Baba, ka yafe min." Ta sha ruwanta ta tashi.